SHARHI: Ciwon kan da ke cinye gani, da tazarar da ke tsakanin Hunƙuyi da Shika

A watan Mayun 2025, Babban Taron Lafiya na Duniya da ya zauna a birnin Janiba ya amince da ƙudurinsa na farko a kan cututtukan da ba kasafai ake samun su ba. Masar da Sifaniya ne suka ja ragamar ƙudurin, wanda ya ɗora wa Hukumar Lafiya ta Duniya nauyin tsara shirin aiki na shekara goma. An ƙiyasta cewa ire-iren waɗannan cututtuka sun haura 7,000, kuma da za a tara masu fama da su wuri guda za su zarce mutum miliyan 300, adadin da ya fi al'ummar Najeriya baki ɗaya. Labarin ya wuce a Arewa bai tayar da ƙura ba. Hakan ba abin mamaki ba ne a yankin da zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, mashaƙo da tamowa suka cika gadajen asibiti.

Sai dai a cikin dubban cututtukan nan akwai wadda ta cancanci a bi sawunta har ƙaramar hukumar Kudan da maƙwabtanta Maƙarfi da Ikara, domin tana fallasa wani giɓi da ya fi ta girma. Likitoci na kiran ta Idiopathic Intracranial Hypertension, a taƙaice IIH. Ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, tana farawa da irin ciwon kan da kowa ke rainawa, idan kuma aka bar ta tana iya ƙarewa da makantar da ba ta warkewa. Babbar alamarta kuwa ana iya ganin ta cikin 'yan mintoci da wata 'yar fitila da ta fi wayar hannu araha. Matsalar tana tsakanin wannan fitila ne da idon matar da ke zaune a Likoro ko Kauran Wali.

Ruwan da ya yi wa ƙoƙon kai yawa

Ƙwaƙwalwa da laka suna zaune ne a cikin wani ruwa garai-garai da ke kare su daga bugu. Babban mutum na ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa a kowane lokaci, jiki kuma na samar da kusan rabin lita a rana, yana tsotse tsohon yayin da sabon ke fitowa. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗawa. Idan ruwan ya taru fiye da kima, matsin sai ya koma kan abin da ke ciki, kuma abin da ya fi saurin jigata shi ne jijiyar gani da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa. Ƙari a ƙwaƙwalwa na iya haddasa irin wannan matsi, haka sanƙarau, haka daskarewar jini a manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga kai. Idan aka bincika aka rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhali matsin na nan, sannan ne ake cewa IIH ce. Ma'anar kalmar farko ta sunan ke nan: ba a san dalili ba.

Cutar ta daɗe a littattafan likitanci. Heinrich Quincke, likitan Jamus da ya ƙirƙiro dabarar ɗibar ruwan laka ta gadon baya, ya bayyana ta tun 1893. A 1937 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Walter Dandy, ya shimfiɗa sharuɗɗan gane ta, waɗanda aka yi ta yi wa gyara har zuwa 2013. Shekaru da dama ana kiran ta da wani suna da ke nuna ba ta da haɗari, har sai da bincike ya ƙaryata sunan. Wani nazari da aka wallafa a 1982 daga jihar Iowa ya bi marasa lafiya 57 na tsawon shekaru, aka tarar 14 daga cikinsu sun makance ko sun yi mummunar asarar gani a ido ɗaya ko duka biyun.

Gwajin magani mafi shahara a kan cutar, wanda aka gudanar a Amurka da Kanada aka wallafa a 2014, ya ƙunshi mutum 165. Mata ne 161 daga ciki, matsakaicin shekarunsu 29. Kashi 84 cikin 100 na fama da ciwon kai. Kashi 68 ganinsu kan ɗauke na 'yan daƙiƙu ya dawo, abin da ya fi faruwa yayin sunkuyawa ko miƙewa. Sama da rabinsu na jin wani sauti a kunne da ke tafiya daidai da bugun zuciya, kamar iska na busowa ta kafar ƙofa, wasu kuma na ganin abu ɗaya ya zama biyu. Mugun halin cutar shi ne daga gefe take fara cin gani. Mace na iya zura zare a allura, tana tsince tsakuwa daga shinkafa, alhali da'irar abin da take gani na tsukewa a hankali ba ta sani ba. Kafin tsakiyar gani ta taɓu, sau da yawa ɓarnar ta yi nisa, jijiyar gani kuwa idan ta mutu ba ta tofowa.

Sunan da ke ɓatar da mai nema

Cutar ba ta da suna a Hausa, wannan kuma ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai neman bayani. Kalmar ƙarshe ta sunan Turancin ita ce wadda kowa ya sani da hawan jini. Duk wanda ya fassara sunan kai tsaye zai fito da wani abu kamar hawan jinin cikin kai, daga nan kuma hanya ta ɓace: a tafi kemis a ɗaura abin awo a damtse, lamba ta fito daidai, a ce babu komai. Awon jinin damtse ba ya faɗin komai a kan matsin ruwan da ke cikin kai. Ga kuma hawan jinin ido, sunan da aka riga aka ba gilakoma, wadda ita matsin ruwan cikin ƙwayar ido ce. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ce hawan ruwan ƙwaƙwalwa, muddin aka bambanta shi da taruwar ruwan da ke kumbura kan jarirai.

Inda suna ya yi ƙaranci, wasu sunayen ne ke cike gurbin. Ciwon kai mai naci a karkarar Zazzau yakan tashi da sunan maleriya da taifot, ko ciwon ɓarin kai, ko gajiyar aiki da zafin rana. Sautin da ke busawa a kunne, wanda babu mai jin sa sai mai shi, da duhun da ke rufe ido ya yaye nan take, alamomi ne da al'ada ta riga ta tanadar musu da fassara: iska, shafar aljanu, ko sammu. Babu mai hana iyali neman addu'a ga 'yarsu. Abin da ke cutarwa shi ne makonnin da ke wucewa babu wanda ya leƙa bayan idonta, domin akwai wani nau'i mai tsanani na cutar da ke iya cinye gani cikin ƙasa da wata guda.

Ƙidayar 2006 ta ba Kudan kusan mutum 139,000, Maƙarfi kusan 146,000, Ikara kuma kusan 194,000, jimilla wajen 480,000, adadin da ya ƙaru sosai tun daga lokacin. A ƙasashen da aka ƙirga, IIH kan kama mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 100,000 a shekara. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan tsohuwar ƙidayar, lissafi zai ba da sababbin masu cutar biyar zuwa goma a duk shekara a ƙananan hukumomin uku. Lissafin takarda ne, ba ƙirgar gida-gida ba, kuma Najeriya ba ta da kundin ƙasa na masu wannan cuta. Babban binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007, wanda ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na manya makafi ne, a kan 'yan shekara 40 zuwa sama ya mayar da hankali. Matar da ta makance tana da shekara 26 ba ta cikin waɗanda aka je nema.

Kada a ɗauka cutar Turawa ce. A Bengazi ta ƙasar Libiya an samu mutum 2.2 cikin 100,000 a shekara, a tsakanin mata masu ƙiba 'yan shekara 15 zuwa 44 kuwa adadin ya haura 21. A Ingila ya ninka tsakanin 2002 da 2016, daga kusan 2.3 zuwa 4.7, kuma ya fi yawa a unguwannin talakawa. Akwai ƙarin abin da ya kamata ya ɗaga hankali: wani nazari na Jami'ar Emory da ke Atlanta, wanda ya duba marasa lafiya 450 aka wallafa a 2008, ya gano cewa baƙar fata sun ninka sauran fiye da sau uku wajen yin mummunar asarar gani.

Gaskiya ne cewa ƙiba ce babbar abokiyar tafiyar cutar, kuma matan karkarar Arewa maso Yamma sun fi fama da rama a kan ƙiba. To amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 36 a birane, kashi 21 a karkara. Ƙaruwar nauyi cikin ɗan lokaci, ko da mace ba ta kai a kira ta mai ƙiba ba, na iya tayar da cutar. Wannan batu ya kai ga shagon kemis.

Sha-ka-fashe, man bilicin da kafso

A garuruwan Arewa akwai kasuwar magungunan ƙiba da 'yan mata da amare ke saya ba tare da takardar likita ba, waɗanda aka fi sani da sha-ka-fashe. Da yawansu ƙwayoyin sitiroyid ne irin su deksametason. Suna kumbura jiki cikin makonni, likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa daina shan sitiroyid bayan dogon amfani na cikin abubuwan da ke tayar da matsin ruwan kai. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sai dangin tetarasaikilin, wato kafso mai ja da ruwan ɗorawa da ake sha kamar gyaɗa idan ciki ya ɓaci, da ɗan'uwansa doksisaikilin da ake bayarwa saboda ƙurajen fuska. Haka nan yawan sinadarin bitamin A da magungunan ƙuraje da aka samo daga gare shi. Ƙarancin jini ma an danganta shi da wannan matsi, a ƙasar da binciken 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata na fama da shi.

A ƙa'idar likitanci, idan magani ne ya haddasa matsin to sunansa ya tashi daga IIH, tunda an san dalili. Ga idon da ke mutuwa bambancin bai da wani amfani. Amfaninsa na ga ma'aikacin lafiyar da zai tuna ya tambayi mai ciwon kai abin da take sha da abin da take shafawa, tambayar da ba ta cin ko kwabo, amma tana buƙatar mai tambayar ya san dalilin yin ta, mai amsawar kuma ta ji ba za a kunyata ta ba. Wadda ta daɗe tana shan sitiroyid kada ta yanke shi rana ɗaya, a hannun likita ake rage shi sannu a hankali.

Hanyar da ke da gajarta a taswira

Kudan ba lungu ba ce. Daga Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tafiya ce da ba ta kai awa guda ba a mota. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943. Ƙananan hukumomi kaɗan ne a Arewa ke da irin wannan maƙwabtaka. A Maƙarfi kuma akwai Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris, wadda ta yaye dubban ma'aikatan lafiyar al'umma da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar. Abin da ya rage shi ne dalilin da zai sa a ce wa mai ciwon kai ta hau mota ta tafi Shika yau, kada ta jira bayan girbi.

Dalilin kuwa yana bayan ido. Idan matsin ruwan kai ya hau, kan jijiyar gani yakan kumbura, kuma ana hango wannan kumburi ta cikin ƙwayar ido da 'yar fitilar leƙa ido. Wuri ne a jikin ɗan Adam da ake iya ganin alamar matsin cikin kai ba tare da huda ko hoto ba. Amma ko a ƙasashe masu arziki dabarar na neman ɓacewa. Wani nazari da aka wallafa a 2011 daga sashen gaggawa na wani asibitin jami'a a Atlanta ya duba mutum 350 da suka zo da ciwon kai ko matsalar gani da makamantansu. Kashi 14 cikin 100 kawai likitocin gaggawa suka leƙa wa ido, alhali hoton bayan ido ya nuna kashi 13 na da abin da ke buƙatar kulawa. Idan haka ta faru a Amurka, ba sai an yi dogon tunani ba a kan ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke awon ciki, rigakafi da karɓar haihuwa.

Tsada ta daina zama hujja. Jami'ar St Andrews da ke Sikotland ta samar da wata fitilar leƙa ido mai suna Arclight, girmanta bai wuce biro mai kauri ba, tana caji da hasken rana, an kuma ƙera ta ne musamman domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a kan farashin da bai kai na buhun taki ba. Gwamnatin Kaduna ta yi shekaru tana alfahari da shirin gyara ƙananan asibitoci 255, ɗaya a kowace mazaɓa, goma daga ciki a Kudan. Fenti da rufin kwano ana ganin su daga bakin titi, shi ya sa suke da farin jini a wurin 'yan siyasa. Horar da ma'aikaci ya gane kumburin jijiyar gani ba ya fitowa a hoton buɗe aiki.

Ba aikin ƙaramin asibiti ba ne ya yanke hukuncin cewa IIH ce. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka tura wa ƙwararru da sunan cutar ba ita ke damun su ba, akasari saboda kuskuren karanta bayan ido. Mafi yawan ciwon kai ma ba shi da alaƙa da ita. Aikin matakin farko shi ne ya ware wadda ciwon kanta ya zo da ɗaukewar gani, ko gani bibbiyu, ko sautin bugun zuciya a kunne, ya tura ta gaba da takarda a hannu. Fitilar da za ta kama IIH ita ce kuma za ta kama ƙarin ƙwaƙwalwa da daskarewar jini a kan mai jego, don haka ribar ba ta tsaya kan mata goma a shekara ba.

A babban asibiti wani hawan ne ke jira. Tabbatar da cutar na buƙatar hoton MRI na ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, sannan a ɗebi ruwan laka a auna matsinsa da bututun awo. Idan ya kai santimita 25 a babban mutum, ya hau. Mutanen wannan yanki sun san ɗibar ruwan baya tun zamanin annobar sanƙarau, da yawa kuma na tsoron ta, wasu na ganin ita ke gurgunta mutum. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya. Kuɗin hoto guda a wurare da dama ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna nahiyar Afirka na da ƙwararren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kusan ɗaya ga mutum miliyan guda, Turai kuwa kusan 9 ga kowane 100,000. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai.

Abin takaicin shi ne maganin ba baƙo ba ne. Asetazolamayid, wanda aka fi sani da Diamox, tsohuwar ƙwaya ce da asibitocin ido suka saba bayarwa ga masu gilakoma, kuma ita ce gwajin 2014 ya nuna tana inganta gani idan aka haɗa da rage nauyi. Masu bincike a Birmingham sun nuna a 2010 cewa rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki na saukar da matsin sosai. Sai idan gani na neman tafiya ne ake komawa ga tiyata, a sa siririn bututun da zai kwashe ruwan ko a tsaga rigar jijiyar gani. Ƙwayar tana da nata illolin, ba abin saya a kemis ba ne, balle ga mai juna biyu.

Bayani na nan, amma da wane harshe?

Wadda aka faɗa wa sunan cutar a Birtaniya tana da wurin zuwa. Ƙungiyar IIH UK, wadda masu cutar da iyalansu ke tafiyarwa, na wallafa bayanai cikin sauƙin harshe, tana haɗa marasa lafiya da juna, kuma da ita aka zauna wajen rubuta ƙa'idojin kula da cutar na 2018. A Amurka akwai gidauniyar bincike da wani likitan ido da matarsa suka kafa a 2001 bayan cutar ta kama 'yarsu, wadda ta buɗe kundin tattara bayanan masu ita. A Facebook akwai zauruka masu dubban mambobi. Duka da Turanci suke, kuma shawarwarinsu sun ginu ne a kan tsarin da mai gwajin tabarau na unguwa ke ɗaukar hoton bayan ido ya tura mutum asibiti a ranar. Ɗalibar jami'a daga Ikara za ta iya karantawa ta amfana. Ƙanwarta da aka aurar a Zabi, wadda WhatsApp ɗinta saƙon murya ne, abin da zai fi saurin iso mata shi ne tallan maganin gargajiya mai warkar da cuta arba'in.

Ko bayanin ya iso, ba lallai ne ita ke da ikon aiki da shi ba. Binciken 2018 ya nuna kashi 44 cikin 100 ne kawai na matan aure a Najeriya ke da ta cewa a kan lafiyar kansu, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya yi ƙasa da haka nesa. Saboda haka duk wani wayar da kai da bai shiga kunnen miji, uwar miji da limamin unguwa ba, ya tsaya a rabin hanya. Rediyon Tarayya na Kaduna, KSMC da tashoshin Zariya na da shirye-shiryen lafiya da ake saurare a gona da kasuwar rake. Minti biyar a kan alamomi uku, da Hausar da tsohuwa za ta gane, zai yi aikin da shafukan Turanci dubu ba za su yi ba.

Wannan yanki ya taɓa ganin yadda ƙirga ke fito da cuta daga duhu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya da kewaye, suka wallafa sakamakon a 1978. Ciwon da duniya ke ɗauka ba kasafai ake samun sa ba sai ga shi yana kama kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu a yankin, suka kuma alaƙanta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Bayan shekara arba'in, kundin ƙasa da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya sake auna batun, ya nuna labarin ya wuce kunun kanwa. Ko da aka yi gyara, a kan lissafin da wani ya fara ne aka yi shi.

Misali na biyu na Sakkwato ne. Cutar noma mai cin fuskar yara, wadda sunanta ya yi karo da na aikin gona, ta samu asibitinta a can tun 1999. Waɗanda suka tsira daga ita, irin su Mulikat Okanlawon, sun kafa ƙungiya suka yi magana da bakinsu. A Janairun 2023 Najeriya ta miƙa buƙata a madadin ƙasashe 32, a Disambar shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta ce ba ta san hanya ba.

Inda alhakin ya faɗa

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma yi alkawarin asusun marasa galihu da aka ce zai rufe mutum miliyan 83. Kaduna na da hukumarta ta KADCHMA tun 2018. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da ya rage wa shugabanninsu wurin fakewa. Yankin kuma ba maraya ba ne a siyasa: Maƙarfi ta ba jihar gwamna daga 1999 zuwa 2007, Kudan ta fitar da ɗan takarar gwamna na babbar jam'iyyar adawa a 2019 da 2023.

Yayin da 2027 ke ƙaratowa, za a sake ganin rumfunan aikin ido kyauta, ana raba tabarau ana cire yanar ido. Aiki ne mai kyau, dattawa da yawa sun sake ganin jikokinsu ta dalilinsa. Amma rumfa kwana uku take yi ta naɗe, kuma an tsara ta ne domin cutar da ke iya jira. Yanar ido ko bayan shekara biyu aka cire ta gani na dawowa, kumburin jijiyar gani ba ya ba da wannan rance.

Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi suna da ƙofofi biyu a buɗe. Kaduna na da tsarin da mazaɓu ke rubuta buƙatunsu domin shigarwa cikin kasafin ƙaramar hukuma da na jiha, kuma babu abin da ya hana fitilar leƙa ido da horon amfani da ita su shiga jerin, kusa da kwalbati da rijiyar burtsatse. Sannan a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi ma. Kowane ɗan Hunƙuyi, Doka ko Garu na iya rubuta wa hukumar lafiya a matakin farko ta jihar ya tambaya: a cikin ƙananan asibitoci goma na mazaɓun Kudan, nawa ne ke da fitilar leƙa ido mai aiki, ma'aikata nawa aka koya wa amfani da ita, kuma masu ciwon kai nawa aka tura Shika bara saboda abin da aka gani a bayan idonsu. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.